Sitiyarin Motar Baba

Yaya Sabiru,

Na tafi Tsafe kai wa Alhaji murafen ƙofar Marsandinsa, sai bayan la'asar zan dawo.

Ka yi haƙuri, na yi ɓarna. Ɗazu ina fesa wa dashbod ɗin Fijon marigayi Baba fenti, sai na ga sitiyarin da ka kwance ka ajiye gefe. Na ɗauka mantawa ka yi da shi. Na goge shi da samfefa, na fesa masa baƙi, har wurin nan da ya koɗe.

Da ya bushe na kai wa Inna, ina jiran yabo. Ta daɗe tana shafa gefensa, sannan ta ce, "Ina wurin hannun Malam?" Sai a lokacin na gane abin da ya sa ka ware shi.

Don Allah idan ka dawo daga Bungudu ka fara shiga wurinta, ni na kasa haɗa ido da ita. Sitiyarin yana zaure, bayan buhunan gero. Ban taɓa yin fentin da ya kwanta haka ba, kuma ko kallonsa ba na iya yi.

Ƙanenka,
Abdulaziz