Jan Fenti a Bakin Rijiya

Zuwa ga maigidana Mai Nasara,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya zafin Agadas? Mu nan Birni lafiya lau, sai fari da ya ƙi sakin mutane.

Karatunmu na tsarin mulki ya ɗau sabon salo. Malam ya ce wanda zai raba wa talakawa ruwa dole ya san inda ruwan yake, don haka aka haɗa mu da taswirar ordinata, wato kwamfuta. Ni da yayana Kolo aka ba mu rijiyoyin wajen Gaffati. Na'urar hannu da aka ba mu ta ɗauki wurin kowace rijiya, Kolo ya shafa mata jan fenti kada mu maimaita. Ka san shi da tsari, ko tuwo sai ya auna. Gobe za mu ƙarasa ta ƙarshe.

Taka,
Wasila

Maigida,

Ina gaisuwa, ina fatan lafiyarka. Tawa ba ta da daɗi.

Ashe a ƙauyen da muka shafa wa rijiya ranar da na rubuto maka, jan fenti alamar burtali ce, da shi ake shata hanyar shanu. Manoma suka tashi suka ga ja a bakin rijiyarsu ɗaya tilo, suka ɗauka an ba makiyaya ita. Kafin mu sake biyowa ta can washegari sun ƙone rugar da ke kusa, makiyaya sun rama da kibau. Na ga mutum kwance da gatari kafe a kafaɗarsa.

Suna ganin gwangwanin fenti a hannun Kolo suka yi kansa. Ya ɗaga na'urar yana bayani, wa zai saurara? Sanduna suka yi ta sauka har ya daina kare kansa. Wata tsohuwa ce ta ja ni cikin rumbu ta rufe ni da zana. Da jandarma suka zo, an riga an tura mushen shanu cikin rijiyar, kowa ya rasa.

Haushi nake ji, Mai Nasara, har ba na iya cin abinci. Wata shida ana koya mana duban ƙasa daga sama, ba a taɓa cewa mu fara gaida mai gari ba.

Kolo ya cika a hanyar likita, kansa a cinyata. Inna tana Garagumsa, ba ta ji ba tukuna. Ka zo mu je tare, bakina ba zai iya shi kaɗai ba.

Matarka,
Wasila