Na biya motar da wuta ta ci, amma sun ce sai kotu

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, musamman masu sanin shari'a, don wallahi raina a ɓace yake.

Ni manomi ne a wani ƙauye kusa da Ruwan Godiya. Gonata tana iyaka da ta wani Alhaji, aminin marigayi mahaifina. A bakin iyakar akwai tsohuwar akori-kurarshi, wadda ya saya tun zamanin da kuɗin fetur suka ɓarke a ƙasar nan, kowa na sayen mota. Tun ina yaro ban taɓa ganin ta motsa ba, ba taya ba inji, harawa kawai yake jibgawa a bayanta.

Bana ina sharar gona, na tara kara na cinna wuta kamar yadda kowa ke yi, sai iska ta juya. Kafin mu ankara wutar ta cinye harawar da motar ƙurmus. Ban gudu ba, da ƙafata na je na gaya mashi. Aka zauna gaban mai unguwa, Alhaji ya ce motar nan tarihi ce gare shi, kuɗi ba za su biya ta ba. Na ce to, na kwance sa guda cikin shanun huɗata na miƙa mashi. Ya karɓa, aka shafa Fatiha, muka gaisa. Ban ce a rubuta komai ba, ina ni ina neman sa hannun abokin ubana?

Sai ga ɗan Alhajin ya dawo daga Faskari, ya kai ni wurin 'yan sanda, wai da gangan na sa wutar. Na ce masu ai na biya, suka ce biya daban, laifin sa wuta daban, kuma fayil ya riga ya tafi kotu. Haba jama'a! To san nawa na mene ne, sadaka na yi?

Yanzu ɗan ya aiko mani, wai zai janye ƙara in na bar masu gefen gonata mai fadama. Ashe nan aka dosa. Alhaji kuwa ko a masallaci kawar da kai yake. Maiɗakina tana ta kuka, wai in ba su kawai, gara fadama da gidan yari. Ni kuwa na rantse ko taƙi ɗaya ba zan bayar ba, daga fadamar nan nake ciyar da gidana da rani.

Shin da gaske ne biyan ɓarna ba ya kashe shari'a? Shaidar mai unguwa za ta yi mani amfani gaban alƙali? Ku faɗa mani gaskiya, in ɗaurin ne ma in sani, in bar wa iyalina hatsin da zai kai su kafin in fito.