Banɗakin Inna da Rijiyar Baba

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, amma ku karanta har ƙarshe tukuna.

Ranar Asabar da ƙarfe biyar na yamma, a zauren gidanmu da ke Yelwa, bakin gulbi, akwai ni da yayana da mai unguwa da dubagari. Dubagarin ya ce cikin biyu mu zaɓi ɗaya, ko mu toshe sokawen gidanmu, wato ramin da ruwan masai ke zuba, ko a rufe rijiyar ƙofar gida. Bari in faro daga farko.

Rijiyar nan marigayi Babanmu ya gina ta sadaka, a waje ya yi ta don kowa ya ɗiba, duk layinmu ita ake sha. Inna kuwa ta tsufa, gwiwoyinta sun daina tanƙwaruwa, sau biyu tana faɗuwa a salga. Shi ya sa bara na yi mata banɗaki a jikin ɗakinta, na sa masai na zama, aka ja bututu zuwa sokawe. Gidanmu matsattse ne, filin da ya rage kawai na jikin katangar gaba ne, bayan katangar kuma rijiya. Nan aka haƙa ramin da bazara, lokacin gulbi ya janye, ƙasa a bushe ƙamas har ƙasan rami. Mai aikin famfo ya ce babu matsala. Ranar da aka gama, Inna ta yi ta sa mini albarka har na ji kunya.

Da gulbi ya cika bayan damina sai ruwa ya taso ta ƙarƙashi, sokawe ya cika ba da namu ba. Sannan rijiya ta fara wari. Sannan yaran maƙwabcinmu biyu suka kwanta da gudawa, Allah ya sa sun tashi. Maƙwabcin bai yi mini faɗa ba, ya dai ce albarkacin Baba ne ya sa ya yi shiru, amma matan layi sun koma sayen ruwan 'yan garuwa, in na wuce sai hira ta tsaya.

Ga abin da na gwada. Na farko na kira motar yashe masai, ta zuƙe, ba a yi mako ba ya sake cika. Na biyu na zuba magani a rijiya, warin ya lafa ya dawo. Na uku na nemi a ja bututun zuwa bayan gida, to can ɗakunan yayana ne, sai an rushe ɗaya. Ya ce shi ba zai kwana a titi da iyalinsa ba saboda gwanintata, wai wa ya aike ni kawo masan Turawa bakin gulbi. Ya ce a sayo wa Inna fo, matanmu su riƙa zubarwa. A wannan zama na ranar Asabar mun yi kaca-kaca a gaban mai unguwa, abin da ban taɓa yi da shi ba.

Ashe Inna ta ji komai. Na shiga gaishe ta, na kawo maganar rufe rijiya, cewa in Allah ya hore sai a yi wata. Ta ce, "Ubanku ya kwanta dama, wannan ruwa shi ka kai mai lada. Ba ni za ni yanke mai ba." Na ce to fo ɗin fa? Ta ce ita da ta yi wa surukanta wankan jego ba za su ɗauki ƙazantarta tana da rai ba.

Tun ranar ba ta ƙara shiga banɗakin ba sai ta rasa yadda za ta yi. Tuwo loma biyu take ci ta ture, fura ta daina sha, ruwa sai kurɓi na shan magani. Ta ce wai ba ta jin yunwa. Na san dalili, ita ma ta san na sani. Jiya na kama hannunta zan tashe ta, na ji kamar kara na riƙe.

Ni mutum ne mai son komai a kan tsari, amma wannan na juya shi ta kowace fuska ban ga mafita ba. Dubagari zai dawo Asabar mai zuwa. Addu'a ina so, amma kada ku tsaya a nan. In akwai wanda ya san yadda ake sokawe a ƙasa mai ruwa irin tamu, ya rubuto mini dalla-dalla. In kuwa babu, ku faɗa mini kalmar da zan gaya wa Inna ta yarda ta ci abinci.