Hannun Baba na Hagu

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar ƙani ga babbar yaya, da fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da duk mutanen gidanki. Allah ya ƙara rufa asiri, ya ba maigidan sa'ar aiki. Mu nan alhamdu lillahi. Ƙafar Gwaggo ta yi sauƙi, har ta koma faɗan da ta saba. Na zaɓi in rubuto maimakon in kira ne don na san halina, ina jin muryarki zan hau barkwanci in kasa faɗin abin da ke cina.

Kin tuna aikin tafinta da na samu wurin masu binciken lafiyar nan? So suke su san yawan motsin da tsofaffin kowace ƙabila ke yi a yini. Da farko tambaya muke yi, sai abin ya ƙi. Tsofaffin wasu ƙabilun ko kanti suka leƙa sai su lissafa. Namu kuwa, ka ce musu "motsa jiki" sai su ɗauka ƙwallo ko gudu kake nufi, tsohuwar da ta wuni tana wanki da shara ta rantse maka ba ta taɓa yi ba. Shi ya sa aka koma ɗaura wa kowa 'yar na'ura a ƙugu. Ni na sa sunan Baba. Ya ce shi ba jaki ba ne da za a yi masa ɗamara, sai na lallaɓi shugabarmu aka ba shi irin ta hannu mai kama da agogo, na ɗaura masa a hagu da kaina. Sakamakon kuma wayata yake shigowa, tunda tasa ta kira ce kawai.

Yaya, ba ki ga yadda kaina ya kumbura ba. Baba ya wuce kowa yawan motsi. A ofis har tsokanar abokan aikina nake yi, wai tsohon tela guda ya fitar da mu kunya, su je su tayar da nasu daga kujera. Daga nan na rage zuwa gidan, in na leƙa ma a tsaye nake gaishe shi in wuce. Me zan je dubawa, ga lafiyarsa a aljihuna? Kuma da bakin nan nawa na ce miki ki ɗage tahowarki sai baɗi, Baba garau yake, ya fi mu ƙarfi. Kika yarda da ni, kika mayar da tikitinki.

Makon jiya shugabarmu ta kira ni, ta ajiye zanen motsin Baba kusa da na wasu. Na mutane yana hawa yana sauka. Nasa ƙanana ne, iri ɗaya, ba hutu sai in ya yi barci. Ta ce tafiya ba ta yin haka, ɗinki ma ba ya yi. Ba ta yi min faɗa ba, da ma ta yi. Tambayata kawai ta yi yaushe rabona da in zauna da mahaifina.

Na tafi gidan Baba ban sanar da shi ba. Na same shi a kujerar nan ta bakin taga, keken ɗinkin a lulluɓe da zane. Yana ganina ya tura hannun hagu ƙarƙashin cinyarsa. Na haɗa shayi, na miƙa masa da gangan ta wannan gefen. Yaya, rawa hannun yake yi, ba ya tsayawa. Maƙwabciyarsa ta ce ya daɗe ko ƙofar gida bai fita ba, ƙafar ma jan ta yake yi, amma ya roƙe ta kada ta faɗa. Rawar nan ce na'urar ke lissafawa, ni kuma ina can ina tafa masa.

Na tambaye shi me ya sa ya ɓoye. Sai ya ce, "Tun da ka ɗaura min abin nan kullum sai ka kira kana yabona. Ban so ka daina ba." Wallahi na rasa inda zan sa kaina don kunya.

Mun je asibiti. Likita ya ce ciwon jijiya ne mai tafiya a hankali, magani na rage shi amma ba ya kawar da shi. Shugabarmu ta cire sakamakon Baba, ta ce za su sake duba na duk masu na'urar hannu. Ni kuma na kwaso kayana na dawo ɗakinmu na da.

Abin da na kasa gaya masa shi ne ni na hana ki zuwa. Zato yake ke ce ba ki samu hali ba, har uzuri yake ba ki. Ki yafe min, in kin ga dama ki zage ni, na ci zagin. Amma don Allah ki zo, kada ki jira baɗi. Jiya na shigo na tarar ya rungumi filo a hannun dama, yana jijjiga shi a hankali yana satar kallon hagun. Da na tambaya, ya ce jaririyarki da bai taɓa gani ba yake koyon ɗauka, kada ta suɓuce masa.

Ki gaishe min da maigidan da kyau, da 'yan biyu, da ƙanwarsu jaririya, da surukarki. Gwaggo da Kawu Dogo suna gaishe ki. Ki faɗa min ranar da zan je in tarye ku.

Ƙaninki,
Auta