Abu Wane?

Al-Badi'a, Riyad,
20 ga Maris, 1991.

Zuwa ga Yaya Dawuda,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Inna da dukan mutanen gidanmu na Gwammaja. Barkanmu da shigowar azumi, Allah ya nuna mana ƙarshensa lafiya, ya karɓi ibadunmu, ya jiƙan Baba ya haskaka makwancinsa. Mu nan lafiya lau, sai godiya. Tun da aka tsayar da yaƙin nan jiniya ta daina tayar mana da hankali, na kuma ɓare salatif ɗin da muka manna a tagogi don tsoron iskar guba, ko da yake ya bar mini tabon da har yau nake kankarewa. Baban Amal yana nan da aikinsa a ofishin jakadanci. Amal da Rufaida sun koma makaranta, Hausar tasu kuwa sai dai addu'a, in na aike su da Hausa su dawo mini da amsa da Larabci. Ƙaninmu Bashari ma lafiyarsa ƙalau, yana nan yana jan motar kayan gwari a kasuwar Al-Aziziya. Maganarsa ce ta sa na zauna rubutun nan.

Da farko ina yi mana barka da saukar Aminatu, matar Bashari, lafiya. Allah ya raya yaron, ya sa mai jinƙan iyayensa ne. Kaset ɗin da ka ɗauka ranar suna ya iso ta hannun Alhaji Maiwada, mun kuma saurara. Sai dai kafin in gaya maka abin da ya biyo baya, bari in kwatanta maka ɗakin da kaset ɗin naka ya faɗo, don na san daga Kano ba a hango shi.

Ka san duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci 'yan gida kan taru a falonmu, direbobi da 'yan kasuwa da ɗalibai, a ci shinkafa a sha shayi. Da can hirar ba ta wuce ta iƙama, wato takardar izinin zama, da tsadar haya da wanda zai tafi gida a ba shi saƙo. Tun da Iraƙi ta shiga Kuwaiti falon ya tsage biyu, har wurin zama ya rabu, waɗannan jikin taga, waɗancan bakin ƙofa. Na jikin taga jagoransu wani ɗalibi ne ɗan Zariya, Ghazali, yaro mai ladabi amma in ya fara magana ba ya shan ruwa. Shi a ganinsa shugaban Iraƙi ne kaɗai namijin da ya rage, tunda shi ya dubi Turawa ido cikin ido, kuma ƙasar da ta gayyato baƙo ya tsare mata ƙofa ta riga ta ba da makullin gidanta. Na bakin ƙofa kuwa ɗan'uwanka ne bakinsu. Bashari yakan ce shi bai yi karatun Ghazali ba, amma da idonsa ya ga motocin mutanen Kuwaiti suna shigowa garin nan da katifu a sama da tsofaffi a baya, kuma wanda ya haɗiye maƙwabcinsa da safe ba zai zo da yamma ya ce shi ne mai kare musulmi ba. In Ghazali ya ce ai mu ma sojojinmu suna Laberiya ba wanda ya kira mu ɓarayi, sai Bashari ya ce mu rabon faɗa muka je, ba mu ce Laberiya ta zama jiharmu ba. In Bashari ya ce shugaba shi ne wanda talakansa ya kwana da cikinsa a cike, sai Ghazali ya ce akuyar da ake kiwo don layya ma da cikinta a cike take kwana. Haka suke yi har shayi ya huce. Baban Amal dai ma'aikacin gwamnati ne, iyakarsa ya tashi ya rufe taga ya ce a rage murya.

Ni daga kicin nake jin su, kuma in gaya maka gaskiya ban san wanda ya fi wani hujja ba. Kowa na ji shi sai in ga kamar da gaskiyarsa, sai ɗayan ya buɗe baki in sake shawara. Abin da na lura da shi kawai, duk ranar da jiniya ta yi kuka suna nan, da na taga da na ƙofa ɗaki ɗaya suke cusa kansu, tawul ɗaya suke jiƙawa su toshe ƙasan ƙofa. Na kuma lura ba wanda ke kai maganar waje. Dukansu sun ga yadda mutanen Yaman da ke da rumfuna a Al-Aziziya suka tattara nasu ya nasu suka bar ƙasar, ba don sun yi wa kowa laifi ba, sai don inda gwamnatinsu ta karkata. Nan ba Kano ba ce da mutum zai manna hoto a gilashin tasi ya yi ta yawo.

To ranar Juma'a ce Alhaji Maiwada ya kawo kaset ɗin, falo a cike. Ka tuna saƙon da ya iso mana ta waya bai wuce an haifi namiji ba, kuma tun kafin haihuwa Bashari ya ce kai ne a matsayin Baba, kai za ka zaɓi suna. Bai faɗa ba, amma ni na san sunan da yake jira. Shi da kansa ya sa kaset a rikoda, yana ta washe baki, kowa ya yi shiru. Muka ji muryarka kana gaisuwa, muka ji liman ya yi addu'a, sai sanƙira ya ɗaga murya ya faɗi sunan, ya sake faɗa, ya ƙara da kirarin mai Bagadaza, matasa suka ɗauki kabbara. Ba zan rubuta sunan nan ba, don takardar nan za ta bi ta filin jirgi, rubutu kuwa ya fi kaset saurin shiga ido, kai kuma ka fi kowa saninsa tunda kai ka raɗa shi. Wani daga jikin taga ya fara dariya, ganin mutumin da ya fi kowa zagin shugaban Iraƙi yau ya wayi gari uban mai sunansa. Dariyar ba ta yi nisa ba. Ina tsaye da fulas a bakin labule na ga fuskar Bashari, ban taɓa ganin ta haka ba tun ranar da aka aiko mana da rasuwar Baba. Ghazali ne ya miƙa hannu ya kashe rikodar. Ya ce wa nasa mutanen duk wanda ya fitar da maganar nan daga ɗakin nan shi da shi har abada, ya ce ra'ayinsa yana nan bai sake ba, amma ra'ayi a baki ake ɗaukarsa, ba a fasfon jariri ba.

Ga inda matsalar take, Yaya. Mutanen nan ba sa kiran magidanci da sunansa, da sunan ɗansa na fari suke kiransa, Abu wane. Kafilin Bashari, wato dattijon da iƙamarsa ke hannunsa, shi kansa Abu Majid ake ce masa, kuma Majid ɗin soja ne, a bakin iyaka ya yi yaƙin nan. Mutumin kirki ne. Da ya ji an yi wa Bashari haihuwa har kwalin dabino ya ba shi, ya kuma yi alkawarin gyara masa takardu don ya kawo Aminatu da yaron, abin da Bashari ya shekara yana roƙo. Tun daga ranar kullum da safe in an zo lodin tumatir sai ya tambaye shi, Abu wane za mu ce? Bashari ya ce suna bai iso ba tukuna. Washegarin kaset dattijon ya sake tambaya a gaban leburori, ya ce ai ya ji baƙo ya zo daga Najeriya. Bashari ya nemi hanyar zillewa, ya shiga yi masa bayani da guntun Larabcinsa cewa mu Hausawa uba ba ya faɗin sunan ɗan fari, akwai kunya. Ashe su a bakinsu wannan kiran na Abu wane shi ake ce wa kunya. Dattijo ya ji kalmar ya yi murna, ya ce yawwa, ai ita yake tambaya tun ɗazu, mece ce kunyar tasa. Da Bashari yake ba ni labari na so in yi dariya, na ga shi ba dariya yake ba.

Ya ce ya tsaya da kwandon tumatir a hannu, leburori na kallonsa, bai san lokacin da sunan Baba ya fito daga bakinsa ba. Allah ya gafarta mini da zan rubuta, Sha'aban ya ce. Dattijon ya buga masa kafaɗa ya ce suna mai albarka, ga shi kuma cikin watansa aka haife shi. Kafin azahar duk layin masu tumatir da albasa Abu Sha'aban suke kiransa. Juma'ar da ta biyo baya aka dawo falonmu aka ɗora musu daga inda aka tsaya, yanzu kan ko sojojin baƙi za su tafi ko sun zo ke nan, na ji Ghazali yana cewa Abu Sha'aban bai fahimci siyasar duniya ba, Bashari yana amsa masa. Ba wanda ya sauya wurin zama.

Ba na rubuto don in ce ra'ayinka ba daidai ba ne. Na san ba kai kaɗai ba ne, Alhaji Maiwada ya ce a unguwarmu kaɗai masu sunan nan sun fi a ƙirga da yatsun hannu ɗaya. Na kuma san ranar da ka raɗa shi yaƙi bai ƙare ba, zuciyarka na tafasa da abin da kake ji a rediyo, ga ka ɗan siyasa, jama'ar mazaɓarka kuma sun ji daɗi. Wata rana in Allah ya haɗa ku, kai da Bashari ku zauna ku yi musunku har asuba, ni zan dafa muku shayi. Amma kai in ka gama musu rediyo kake kashewa ka kwanta. Shi yaron nan da sunan zai tsaya gaban jami'in biza, da shi za a kira shi a asibiti, da shi malami zai kira shi a aji cikin 'ya'yan waɗanda makaman mutumin suka faɗo wa a unguwa. Kafin a kai ga nan ma, dattijon zai karɓi fasfon da hannunsa, ya ga abin da aka rubuta, ya gane an yi masa ƙarya a gaban ma'aikatansa. Daga ranar ba maganar zuwan Aminatu, aikin ma sai yadda hali ya yi.

Roƙona ɗaya ne. Bashari ya ce ba a riga an yi takardar haihuwa ba, balle fasfo. In za a yi, a rubuta sunan Baba. Baban Amal ya tambayi malamin da ke yi musu karatu, ya ce sauya suna ba laifi ba ne, kuma ba sai an sake yanka ba. In kana jin nauyin mutanen da suka yi kabbara, ba sai an yi shela ba; duk mai son kiransa da wancan a ƙofar gida ya kira, yara ai da sunaye biyu suke girma. Iyayensa dai dama ba faɗin sunan za su yi ba ko wanne ne. Bashari ba zai rubuto maka ba. Na ce ya rubuta, ya ce shi ya ba ka zaɓi da bakinsa, ba zai zo yana karɓewa kamar yaro ba. Tun ranar bai ƙara taɓa rikodar ba, kuma ya rame. Abin yana damuna, shi ya sa na shiga tsakani ba tare da ya sani ba.

Ka gaishe mini da Inna da kyau da kyau, ka ce maganin ƙafar yana cikin jakar Alhaji Maiwada tare da dabino da zaitun. Ka gaishe da Yaya Balkissa da yara, da Goggo Delu, da Kawu Isiyaku in ya shigo daga ƙauye. Aminatu a ce ina yi mata sannu da jego, turaren da atamfar nata ne, rigunan kuma na yaron. Baban Amal yana gaishe ka, Amal da Rufaida suna gaida babansu na Kano.

Kaset ɗinka na mayar maka da shi cikin ambulan ɗin nan. Bayan kowa ya watse ran nan na sake sa shi ni kaɗai ina wanke-wanke, na bar shi ya wuce inda Ghazali ya kashe. Ina jin ka shiga da rikodar cikin gida don a ɗauki guɗar mata. Ana cikin guɗar akwai muryar Inna kusa da kai, ƙasa-ƙasa, tana tambayar wata ko ita ce ba ta ji daidai ba, ashe ba Malam, wato Baba, ne ya dawo mata ba. Ta tambaya, ta sake tambaya, ba wanda ya amsa mata, ina jin hayaniya ce ta hana ka ji. Bashari bai san da wurin ba, ni ma ban gaya masa ba. Na juya kaset ɗin na tsayar da shi daidai nan, sai ka sa a rikoda ka danna kawai.

Allah ya bar zumunci, ya sada mu da alheri.

Taka ƙanwa,
Hansai.