Na Bar Miki Shagon Nan

Litinin, 3 ga Maris

Innalillahi.

Yau da hantsi ina tsakiyar yanka katakon gado, Baba ya ce a kashe injin. Ya tara mu, ni da Dogo da mai fenti da ƙanwata Auta, wadda ke ɗinka mana rigunan kujeru a ɗan lungunta. Ya kakkaɓe garin katako daga gemunsa ya ce, "Auta, daga yau na bar miki shagon nan. Ku shaida." Shi ke nan fa. Ya juya ya ɗauki gudumarsa kamar wanda ya ce a sayo ƙusa.

Ni ne babba. Tun tsawona bai kai teburin aiki ba nake goge katako a wurin nan. Na dubi bango, na dubi injin, komai yana inda yake. Amma wai shago ya tashi daga hannu ya koma wani hannu, ina tsaye da fensir a kunne kamar wani soko.

Talata, 4 ga Maris

Matata ta ce in kwantar da hankalina, ai magana ce kawai. Ba ta san Baba ba. Duk wanda ya yi aiki da shi ya san in ya miƙo maka kayan aiki ya ce "riƙe", aro ne. In ya ce "na ba ka", ko ka mayar ba zai karɓa ba. Zarton da ya ba Dogo bara, shi Baba kansa sai ya tambaya yake taɓawa.

Alhamis, 6 ga Maris

Wani ya shigo neman mai shago. Dogo, wanda ni na koya masa riƙon guduma, ya nuna masa Auta. A gabana!

Da mutumin ya fita na ɗaga murya na ce, "Shagon nan nawa ne, kowa ya ji." Mai fenti ya ce, "To, Yaya," ya ci gaba da fentinsa. Auta ko kai ba ta ɗago daga keken ɗinki ba, sai dai na ga hannunta ya tsaya. Baba ya faɗi tasa a hankali ta ɗauke shago sukutum, ni na yi ihu ko ƙuda ban kora ba. Kunya ta kama ni, na shige bayan shago ina ta gyaran abin da bai lalace ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na tare Baba bayan an tashi. Na ce, Baba, me na yi maka?

Ya ce, "Watan jiya, da muka yi cacar baki kan ƙofar nan, me ka ce?"

Wallahi sai da na yi tunani. Na ce ba zan tsufa ina shaƙar garin katako ba, ranar da na samu hanya zan kama gabana. Na ce masa haba Baba, ai fushi ne.

"Na ji ka, na kuma karɓa," in ji shi. "Ban haifi ɗan da zan ɗauki maganarsa iska ba."

Ashe ni na fara sakin shagon da bakina, shi ya ɗauka ya ba mai so. Magana zarar bunu. Sau nawa na ji wannan a bakin Inna ina dariya.

Laraba, 12 ga Maris

Baba ya faɗi a shago. Shanyewar ɓarin jiki, in ji likita. Bakin ya karkace, ba ya iya magana. Ya Allah.

Juma'a, 14 ga Maris

Ni kaɗai ne a ɗakin da ya farka. Ya damƙe wuyan hannuna da hannun da ke motsi, yana ta ƙoƙari, sauti na fita ba kalma. Mutumin da kalmarsa ɗaya ke raba dukiya, yau ruwa ma ya kasa nema. Na yi kuka, ba zan ɓoye wa kaina ba.

Da na fito, Baffa, ƙanin Baba, ya ja ni gefe kusa da tagar karɓar magani. Dama shi tun farko cewa yake ina aka taɓa ganin ƙanwa a gaban wa. Ya ce, "Kai kaɗai ke ciki. In ka ce ya janye, ya janye. Wa zai ƙaryata ka?" Zai tara dangi jibi a ɗakin Inna.

Makon jiya maganata ba ta motsa komai ba, yanzu kuma wai ita ce za ta juya komai. Kuma gaskiya ne, za ta juya. Abin da ya fi tsorata ni, daɗi na fara ji kafin tsoro ya zo.

Asabar, 15 ga Maris

Auta ta kawo min abinci asibiti. "Yaya, ni fa ban roƙa ba." Na sani. Shi ne ma abin haushin.

Lahadi, 16 ga Maris

An taru. Inna a bakin gado tana jan carbi, Auta a ƙasa kusa da ƙofa. Baffa ya gyara murya ya ce, "To ɗana, faɗa wa mutane abin da mahaifinka ya ce maka."

Na shirya kalmomin tun a hanya, har na maimaita su. Na buɗe baki, sai na ga shatin yatsun Baba a wuyan hannuna, bai gama ɓacewa ba. Shi da ya ƙi ɗaukar maganata iska, ni kuma in sa masa tawa a baki, ranar da ba shi da bakin musu?

Na ce, "Bai janye ba. Bai ce komai ba."

Baffa ya dube ni kamar na mare shi, ya nemi takalminsa. Auta ta fashe da kuka. Ni kaina mamakin muryata nake yi. Matata har yanzu ba ta yi min magana ba, kuma ban ga laifinta ba.

Litinin, 24 ga Maris

Na koma aiki, don gadon nan ba zai haɗa kansa ba. Ba wani abu ba.

An sallami Baba, amma za a riƙa kai shi ana duba shi. Yau layina ne. Da azahar na leƙa lungun Auta na ce zan fita da wuri. Ba izini na nema ba fa, sanarwa ce kawai.

Ta ce, "Je ka, Yaya. Ka gaishe shi."

Sai a hanya na lura, sai da ta faɗa na ajiye zarton.