Jiniya ko Shuɗiyar Fitila

Litinin, 4 ga Nuwamba, 2024

Yau saura ƙiris in take Baba da injin ɗaga kaya. Baban matata Mukarrama, surukina. Ina ribas da buhunan masara a sito, shi yana tsugune yana ɗinke bakin buhu, ya ba ni baya. Na danna oda har yatsana ya yi ciwo, ko motsi bai yi ba. Sai da taya ta hau gefen rigarsa birki ya kama. Ya miƙe ya karkaɗe jiki, wai hankalinsa ne ya tafi gona. 

Laraba, 6 ga Nuwamba

Na tsare Mukarrama da tambaya, ta fashe da kuka. Ashe kunnen Baba ya daɗe da tafiya, ƙarar injin casa ce ta cinye shi. Bakin mutum yake kallo ya gane magana. Ta sa na rantse ba zan faɗa wa kowa ba. Oga Muktar, manajan sitonmu na Makarfi, bara ya sallami wani dattijo don idonsa ya yi rauni, kuma da ɗinkin nan Baba yake riƙe da gidansa na ƙauyen Gazara gaba ɗaya.

To ni fa, da nake gaishe shi a durƙushe, kaina a sunkuye? Ashe duk gaisuwar nan ƙasa nake yi wa. Lafiya lau ɗin da yake amsawa, canka kawai yake yi.

Alhamis, 7 ga Nuwamba

Labarin Litinin ya kai ofis. Wani ya zo daga Zariya da abu biyu: jiniya mai kuka da zarar an sa ribas, da fitila mai jefa shuɗin haske a ƙasa tun kafin injin ya iso. Guda ɗaya kawai kamfani ya amince a saka. Oga ya ce tunda ni ke tuƙi, in zaɓa kafin Talata. ’Yan dako duk jiniya suke so, ɗayansu Saminu har da cewa a sa wadda za a ji daga garin Kudan. Aka yi dariya. Baba ma ya yi, don ya ga ana yi. Na ji kamar in yi kuka.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Na ce fitila. Oga ya ce dalili? Na yi ta kame-kame kamar ɓarawon akuya. Ya ce mai buhu a ka ba ya kallon ƙasa. Na ce ai su oda ta ishe su. Ya ce in ban kawo dalili ba, jiniya za a sa.

Lahadi, 10 ga Nuwamba

Na hau babur har Gazara da niyyar yi wa Baba magana shi kaɗai. Na durƙusa, na sunkuya, na ƙare da tambayar yadda wake ya yi bana. Mutumin da ko sunansa ban taɓa kamawa ba, ko a littafin nan, ta ina zan fara ce masa ba ya ji?

Litinin, 11 ga Nuwamba

Abinci ya ƙi shiga. In yi shiru in kashe uban matata, in faɗa in raba shi da abincinsa. Ya Allah, ka fitar da ni.

Talata, 12 ga Nuwamba

Na faɗa. Na ce, “Oga, a sitonmu akwai wanda ko jiniyar motar asibiti aka sa ba zai ji ba.” Bai tambayi wane ne ba, ta taga ya leƙa. Ya aika aka kira Baba, ni aka ce in fita. Sun daɗe. Fitila za a sa, Baba yana nan, amma Oga ya ce zai sa ido ya gani.

Rantsuwa ta karye, kaffara ta hau ni. Mukarrama ta ajiye mini tuwo ta shige ɗaki.

Juma’a, 15 ga Nuwamba

Na gaida Baba, bai amsa ba. Fushi ne ko bai ji ba, ban sani ba.

Litinin, 25 ga Nuwamba

An saka fitila. Ina ribas, shuɗin haske ya hau buhun da ke gabansa. Ya ja buhunsa ya matsa jikin bango, ko waiwaye bai yi ba.

Da aka tashi na je na durƙusa kamar kullum. Sai ya ce, “Zayyad, ɗago kanka. Ba na ganin abin da kake faɗa.”

Na ɗago, kunya kamar in nutse. Tun da na auri ’yarsa ban san girarsa ta yi fari ba. Na ce Baba sannu da aiki. Ya kalli bakina, ya ce, “Yawwa. Yau na ji.”

Ba wai na saba ba ne. Gobe dai sai na sake ɗagowa.